Zanin Zumunta a Baibai

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

An sallami Mama daga asibiti. Na gode Allah. Ɓarin jikinta na dama bai dawo ba, hannu da ƙafa duka, bakin ma ya ɗan karkace, in tana magana sai ka kasa kunne sosai. Amma idon nata yana nan yadda yake. Da na ɗaura mata ɗankwali a karkace ta harare ni, na ce yawwa, Maman Kevin tana nan da ranta.

Anti Ify, maƙwabciyarmu mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari, ita ta sa ƙaninta ya ɗauko mu da mota har ƙofar gida. Tun daga Kwangila take yi wa Mama faɗa da Hausarta: "Mama, ka tashi fa! Ka bar wannan kwana-kwana, ka ci abinci!" Tun ina ƙarama take Zariya, amma har yau kowa "ka" ne a wurinta, mace da namiji har da kaza.

A waya nake rubuta wannan, inda ba mai gani. In na sa a sitatus, kafin yamma ya zagaye unguwa.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Na dama mata kunun gyaɗa irin wanda take so. Cokali biyu ta sha, ta juya fuska bango.

Laraba, 7 ga Mayu, da rana

Yau ma haka. Magani kawai take yarda ta haɗiye, shi ma sai na yi kamar zan yi kuka. Likita ya ce maƙogwaronta lafiya lau, ba abin da zai hana ta ci. Ya ce in ba ta ci ba maganin ba zai yi aiki ba, kuma abin zai iya dawowa. Ya faɗi haka yana duba wayarsa.

Na san abin da ke damunta. Tun Lahadin nan ne da ta yi magana a coci.

Ba zan rubuta abin da ta faɗa ranar ba. Ta dai tashi ana cikin sanarwa, ba wanda ya ba ta dama, ta yi tambaya guda a kan wata yarinya da aka sa horo ita kaɗai don ta yi ciki. Tambaya ce kawai fa. Sati na zagayowa aka karanta sunanta a gaban kowa, Dinatu Yakubu, an sa ta ƙarƙashin horo. A cocinmu in an sa ka horo, bencin baya za ka zauna, ba cin jibin Ubangiji, ba shiga zumuntar mata, ba ɗaura zanin zumunta, sai ranar da ka tsaya gaban ikilisiya ka nemi gafara da bakinka. Mama da tun kafin a haife ni take zumunta. Ta je ta zauna a bencin bayan, kusa da yarinyar nan, ta riƙe mata hannu har aka tashi. Kwana kaɗan bayan haka ta faɗi a bakin murhu.

To yanzu da wace ƙafar za ta tsaya? Da wane bakin?

Amma na gode Allah an kawo wuta, na yi caji, fanka na kaɗa mata.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

An cire lambar Mama daga guruf ɗin zumunta. Wayarta na hannuna, na gani. Ban gaya mata ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan na dawo daga shago

Na leƙa shagonmu na kitso a Samaru, madam ta ce in yi rabin wuni in koma gida, Allah ya saka mata. Wata ɗaliba da nake yi wa kitso ta ga idona ya kumbura, ta ce, "Christabel, saurayi ne?" Na ce ina ma saurayi ne, da tuni na yi bulokin ɗinsa na huta.

Da na dawo na tarar da Anti Ify ta kawo farfesun kifi, tana zaune bakin gado da cokali. Mama ta rufe baki gam. Sai ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta jawo ni, ta ce wani abu. Sau uku tana maimaitawa kafin na gane.

"An ɗaure," ta ce. Ta nuna ƙasa. Ta nuna sama. "An ɗaure."

Wa'azin da Rabaran ya yi ne ranar da aka karanta sunanta. Ya ce mabuɗan Mulkin Sama a hannun ikilisiya suke, wanda ta ɗaure a nan ƙasa a can ma a ɗaure yake. Ni lokacin ina duba waya ta ƙarƙashin jaka, ban ma ɗauki maganar da nauyi ba. Ashe ita ta haɗiye ta gaba ɗaya. Gani take in ta mutu yanzu a bakin ƙofa za ta tsaya. Kuma tunda ba za ta iya tsayawa ta nemi gafara ba, to me za ta ci abinci ta yi?

Anti Ify ta ce, "Me ya ce?" Na fassara mata. Ta ajiye cokali ta tafa hannu. "Chineke! Wa ya ɗaure ka? Rabaran ɗin ya taɓa zuwa sama ya dawo? Ka zo cocinmu, mu za mu kwance ka!"

Na yi dariya har da hawaye. Mama ba ta yi ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da rana

Na yi wauta. Na sa tambaya a Fesbuk, ban kama sunan kowa ba. Na ce, jama'a, wanda coci ta kora, Mulkin Allah ma ya kore shi ke nan?

Wayyo. Wani ya ce ƙwarai kuwa, ba ceto a waje, ya jero ayoyi kamar mai lissafin kaya. Wata ta ce coci kasuwanci ne kawai, in zauna a gida in yi addu'ata. Su biyun suka koma zagin juna har da iyaye. Wani ya ce in turo masa lambata ya yi mini addu'a ta musamman. Wata kuma ta tallata man gashi.

Na goge. Datata kawai na ƙona.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan sujada

Na je coci. Da na ce ba zan je ba, amma Mama ta nuna mini takalmina da ido. Mutumin da aka yi wa abin ya fi ni son wurin.

Kuma gaskiya da aka fara waƙa raina ya yi sanyi. Abin da ke ba ni haushi ke nan, ina so in tsani cocin nan amma na kasa. Nan aka yi mini baftisma. Lokacin da Baba ya rasu matan nan ne suka kwana uku a tsakar gidanmu suna girki. Ya zan yi da wannan?

Yarinyar nan ba ta zo ba. An ce an kai ta ƙauye wajen kakarta. Shi kuwa wanda ya yi mata cikin yana nan a gaba, yana kaɗa jita, da sabon agogo.



Bayan an tashi na tare Mama Edith, magabaciyar zumunta, ƙawar Mama ce tun suna 'yammata. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama ni ta ce, "'Yata, ya jikin?" Na ce, "Mama, ba ta ci. Ko sau ɗaya ne ku zo ku yi mata waƙa." Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ce, "Bari in ji ta bakin kwamiti." Idonta ya cika, amma ta saki hannuna da sauri.

Litinin, 12 ga Mayu, da safe

Rabin kofin shayi. Na gode Allah da rabin.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Kevin ya kira daga Kaduna. Yayana ke nan, shi komai da zafi. Ya ce zai zo ya ci kwalar Rabaran a gaban kowa. Na ce to sai a sa ka horo kai ma, mu cika bencin baya mu uku, a sa mana fanka. Ya ce ni komai wasa ne. Sai na ji yana jan hanci. Ya ce, "Ta rame?" Na ce kaɗan.

Ba kaɗan ba ne. Yau da na ɗaga ta zan canza zanin gado, kamar na ɗauki kwando.

Laraba, 14 ga Mayu, da la'asar

Baba Gregory ya zo daga Palladan da sandarsa. Tsohon fastonmu ne da ya yi ritaya, shi ya ɗaura auren Mama da Baba. Ba wanda ya kira shi, a bakin mai kanti ya ji. Ya zauna, ya cire hula, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Dinatu, ke da nake jin muryarki tun daga bakin titi, yau kin yi mini shiru?"

Na gaya masa maganar ɗaurewa. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "An ba ikilisiya mabuɗi, wannan gaskiya ne, ba zan ƙaryata ba. Amma wanda aka ba ajiyar mabuɗi ba shi ne mai gida ba. Ni ma na riƙe mabuɗin nan shekaru, kuma akwai ƙofofin da na rufe da har yau nake roƙon Allah ya bi bayana ya buɗe. Mulkin na Allah ne, Dinatu. Ikilisiya aikinta ta nuna wa mutane yadda gidan yake, su ji ƙamshinsa tun daga nan. Wani lokaci tana nunawa. Wani lokaci tana tsayawa ta tare ƙofar da jikinta."

Ni dai maganar ta shige ni, har na so in ɗauke shi a bidiyo, na ji kunya. Na kalli Mama ina jiran ta saki fuska.

Ta girgiza kai. Ta yi ta kokawa da harshenta, har ta fitar da shi: "Su waye... nawa?"

Baba Gregory ya sa hularsa ya miƙe. Da na raka shi bakin hanya ya ce, "Uwarki ta fi ni gaskiya. Ba a gaya wa mai jin sanyi cewa rana tana can sama. Allah bai tsara kowa ya shiga Mulkinsa shi kaɗai ba. Mutanenta take nema." Ya ce zai je ya ga Rabaran.

Na tare masa keke, ya hana ni biya. Allah ya ƙara masa lafiya.

Alhamis, 15 ga Mayu, da rana

Ba ta ci ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, da safe

An yi ruwa jiya da yamma, na farko mai ƙarfi. Ɗakin ya yi sanyi, ƙasa ta yi ƙamshi. Na buɗe mata taga. Na gode Allah rufinmu bai yi yoyo ba sai ta wajen ƙofa.

Wani abu kuma. Kullum da safe ina tarar da kula a bakin ƙofarmu, ba suna ba komai. Jiya fate, yau alale. Na san kulolin nan. Mai jan murfin nan na sha wanke ta a kicin ɗin coci ranar bikin godiya. Suna aikowa, amma ba sa shigowa. Na nuna wa Mama, ta kalli kular ta kau da kai. Ni da Anti Ify muke cinyewa, ina ci ina jin kunya.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Baba Gregory ya kira. Ya ga Rabaran. Wai Rabaran ɗin ma ba ya jin daɗi, ya ce shi kaɗai ba zai iya ɗage horo ba, sai kwamiti ya zauna, kuma kwamitin wa ke ciki? Kowa ya san uban mai jitar nan na ciki. Sun ce ƙa'ida ƙa'ida ce, in aka karya wa mutum ɗaya an karya wa kowa. Sun ce duk mai son gaishe ta ya je a matsayin maƙwabci, amma zumunta ba za ta je da sunan zumunta ba. Kada a ga zani mai sunan coci a gidan wanda ke ƙarƙashin horo.

To ai ita ba maƙwabta take nema ba. Maƙwabta muna da su, Allah ya ba mu nagari.

Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska. Na gode Allah akwai ruwa a randa.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

Ban je ba. Ko takalmin ba ta nuna mini ba yau.

Litinin, 19 ga Mayu, da rana

Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ce in aka kai jibi a haka sai a koma asibiti a sa mata roba ta hanci. Mama ta ji. Ta rufe ido kamar ba da ita ake ba.

Na tura wa Mama Edith saƙon murya. Ban tsara ba, ban gaishe ta yadda ya kamata ba ma. Na ce, "Mama, ƙawarki za ta tafi tana ganin kun yar da ita. Shi ke nan abin da zan ce." Na ga alamar ta saurara. Ba ta amsa ba.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Talata ce ranar zumunta, da la'asar suke taruwa a coci. Ina tsakar gida ina wanke zanin gado, sai na ji waƙa daga nesa, ta wajen masu gyaran babur. Na ce ko jana'iza ce. Waƙar ta yi ta matsowa. Anti Ify ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa waje, ta kurma ihu: "Christabel! Ka zo ka gani! Matan cocinku sun haukace!"

Na fita da kumfa a hannu. Ga su nan sun cika layinmu, Mama Edith a gaba, ana buga tulu ana kaɗa kacau-kacau. Farar riga, farin ɗankwali, da zanin zumunta. Amma zanin wani iri, kalar ta koɗe kamar an shanya shi shekara a rana. Sai da suka iso na gane. A baibai suka ɗaura! Dukansu! Manyan mata, masu jikoki, har da wadda ke koyarwa a jami'a, kowa da zani a baibai, ɗinki a waje, zare na reto. Yaran layi na binsu suna dariya, masu gyaran babur sun bar aiki sun tsaya kallo.

Na ce, "Mama, kwamiti fa?"

Mama Edith ta ware gefen zaninta a gabana ta ce, "Ke da kika yi boko, karanta mini sunan cocin."

Na duba. Rubutun ya juye, ya dushe, ba ya karantuwa.

Ta ce, "To. An ce kada a ga suna. An gani?" Ta ture ni gefe. "Matsa mini, ƙawata nake nema."

Suka shiga. Ɗakinmu ɗan mitsitsi, wasu a ƙasa, wasu a bakin gado, sauran a tsakar gida har bakin ƙofa. Mama ta buɗe ido. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi wa'azi, ba wanda ya tayar da maganar Lahadin nan. Mama Edith ta durƙusa ta kama hannun da ya mutu, ba mai lafiyar ba, ta ce, "Dinatu, mun makara. Ki yi haƙuri, tsoro ne."

Mama ta kalle ta sama da ƙasa. Bakinta ya fara motsi. Kowa ya yi tsit, har mai tulu ta ɗora hannu a bakin tulun. Na matso don in fassara, amma ba a buƙace ni ba, maganar ta fito kowa ya ji:

"Edith. Gyara zaninki. Kamar mahaukaciya."

Ɗakin ya fashe. Dariya, kuka, guɗa, ban san wanne ya fi yawa ba. Anti Ify tana tsalle a bakin ƙofa tana cewa, "Ya yi magana! Ya zage shi!" Mama Edith ta ce, "Ba zan gyara ba sai kin sha kunu." Wata ta miƙo kofi daga baya, hannu zuwa hannu har ya iso. Mama Edith ta ɗebo a cokali.

Na juya baya, na kasa kallo. Sai na ji ƙarar cokali yana kankare gindin kofi.

Ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Ni! Wayar na can kan bokiti.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Nas ta zo ta tarar da ita tana shan koko. Ta ce to a bar maganar roba tukuna. Na gode Allah. Na gode Allah.

Ashe wani ya ɗauki bidiyon matan a hanya, ya zagaye ko'ina. An ce kwamiti zai kira Mama Edith ranar Asabar. Na kira ta ina ba ta haƙuri, ta ce, "Haƙurin me? In bencin baya ne, sai su ƙaro benci, muna da yawa." Sai ta rage murya ta ce gaskiya gabanta na faɗuwa, in sa ta a addu'a.

Ba a ɗage horon ba. Sunan Mama na nan inda aka rubuta shi, ban san ranar da za a goge ba. Na tambaye ta a hankali, na ce, "Mama, har yanzu a ɗaure?" Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta nuna mini tsintsiya, wai in share ɗaki, Talata mai zuwa za a yi baƙi.

Alhamis, 22 ga Mayu, da rana

Tuwon masara da miyar kuɓewa, ba gishiri, yadda likita ya ce. Ta cinye tas. Ta ture kwanon, ta harare ni, ta ce wa ya koya mini girki.